Idon 'Yar Taguwa

Maliki ya yanka taguwa mai ciki, kuma yana sane. Duk wanda ya ce maka kuskure ne, ko dai bai san Maliki ba, ko kuma yana neman rufa masa asiri. Mahauci ne ɗan mahauci. Tun bai isa ɗaga gatarin sara ba ubansa ya koya masa yadda ake dafa cikin dabba a gane ko ita kaɗai ce ko su biyu ne. Ya dafa wannan taguwar a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, hannunsa ya gaya masa gaskiya, kuma saboda gaskiyar nan ce ya saye ta.

Washegari da sassafe aka durƙusar da ita a mayankar bayan garin Daura. Aka ɗaure mata gwiwa, mutum biyu suka lanƙwaso dogon wuyanta gefe. Maliki ya ambaci sunan Allah ya soka wuƙa inda ake sokawa, sau ɗaya. Da aka zo fiɗa, aka buɗe ciki, sai ya ja da baya ya riƙe haɓa kamar wanda ya ga abin da bai zata ba.

"Subhanallahi. Ashe da ciki."

Hafizu, abokin fiɗarsa, ya leƙo ya ga tayin kwance cikin jakar ruwansa, bai fi girman kyanwa ba, ƙafafunsa a naɗe.

"Kai Maliki, hannun naka ya tsufa ne? Wannan ai ko ni da nake lalube kamar makaho a rami zan ji shi."

"Kitse ya rufe ta."

"Kitse? A bazarar nan? Raƙumar da ake ƙirga haƙarƙarinta daga bakin titi?" Hafizu ya yi dariya ya ci gaba da jan fata. "To kira Dakta, yau kakarsa ta yanke saƙa. Mu muna jiran hanta, shi yana jiran ido. Allah ɗaya gari bamban."

Maliki ya goge hannu a jikin rigar aiki ya ciro waya.

Daktan da ake magana yayan Maliki ne, Nu'uman, uwa ɗaya uba ɗaya. Tare suka tashi a mayankar nan. Lokacin suna yara, ubansu kan jefo musu idon bijimi su je su yi wasa su bar shi ya yi aiki. Maliki jifa yake yi da nasa. Nu'uman kuwa sai ya samo reza ya tsaga, ya fito da ɗan dunƙulen nan mai kama da ƙanƙara, ya ɗora a kan takardar ƙunshe tsire, ya kira ƙanensa ya zo ya ga yadda rubutu ya kumbura. Daga nan bai sake barin ido ba. Ya yi Zariya, ya ƙetare teku, ya zama mai bincike a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe can bayan ƙwayar ido, wanda shi ke karɓar haske ya aika wa ƙwaƙwalwa. Aikinsa shi ne gano yadda tantanin nan ke ginuwa tun halitta tana cikin uwa. Sunansa ya shiga littattafan da Maliki ba zai taɓa karantawa ba.

Shekaru sama da ashirin ke nan, zuwansa gida bai taka kara ya karya ba. Da ubansu ya rasu sai bayan an share makoki ya iso. Da Iya, mahaifiyarsu, ta bi shi, a waya ya yi kuka. Maliki bai taɓa yi masa hassada ba. Da hassada ce da sauƙi, malamai sun san addu'arta. Kewa ce, irin wadda namiji ba ya faɗa wa ko matarsa. Duk ranar da ya tsaga kan bijimi ya ga ido, sai ya tuna akwai wani mutum a duniya da suka kwana a tabarma ɗaya, wanda yanzu in sun gama "ya iyali, ya aiki" sai su rasa abin cewa.

Sai ga shi bana Nu'uman ya dawo da akwatuna, ya ce zai yi wasu watanni yana binciken idon raƙumi. Ya share shagon ƙofar gidan ubansu, inda suka kwana suna samari, ya sa sola da firji da tebur. Abin da yake so shi ne idon tayi. Kowa ya san a mayanka akan yanka dabba a tarar da ƙaramin ciki da ba a sani ba, a jefar. Irin wannan yake nema, kuma ya kafa sharaɗi tun ranar farko a gaban mahauta duka.

"Abin da aka tsinta kawai. Kada a yanka mini dabba don ni. A kan haka aka ba ni izini, a kan haka na sa hannu."

Tun daga ranar, kullum da safe yana mayanka da kularsa ta ƙanƙara. In an samu a ba shi, in ba a samu ba ya zauna kan benci kusa da Maliki su sha koko. A hankali hira ta dawo. Suka tuna bulalar malamin allo, suka tuna ranar da bijimi ya tsinke ya kora su har cikin masallaci. Maliki ya koma tashi kafin kiran salla, ba don aiki ya ƙaru ba.

Makon da ya wuce ne, a kan bencin, Nu'uman ya yi maganar da ta jawo komai.

"Ina da farko, ina da ƙarshe, tsakiya ce babu. Ƙananan ciki kuna tsinta. Manya kuma akan samu in taguwa ta karye aka yanka ta dole. Amma na wata biyar, wanda nake nema ido rufe, ku mahauta kuna gane shi tun a kasuwa, ba ku saye."

"In ba a samu ba fa, Yaya?"

"Sai in tattara kafin damina ta faɗi. Labarin da ba shi da tsakiya ba a ba da shi."

"In an samu?"

"In an samu ina da hujjar da zan ce wa mutanen wurin aikina su bar ni in ƙara shekara. Wataƙila fiye."

Ya faɗa ne kamar mai maganar farashin gero, ya kurɓi kokonsa. Maliki kuwa da maganar ya kwana, da ita ya tashi, da ita ya tafi Mai'adua.

Yanzu ga Nu'uman ya sauko daga babur tun bai gama tsayawa ba, hularsa a karkace. Ya durƙusa gaban tayin, ya sa safar hannu, ya auna tsawonsa daga ƙeya zuwa gindin wutsiya. Da ya ɗago, fuskarsa irin ta yaron nan ce mai reza.

"Maliki, ka san abin da Allah ya kawo mana?"

"Shi ne?"

"Shi ne. Wanke hannu ka biyo ni. Yau sai ka gani da idonka."

Bai taɓa gayyatarsa cikin shagon ba tun da ya zuba kayan aiki. Maliki ya bar wa Hafizu sauran fiɗa, ya hau bayan babur rungume da kula.

A shagon, Nu'uman ya yi aiki da wasu 'yan almakasai da ba su fi tsinken sakace ba. Ya ciro idanun biyu, kowanne kamar ƙwallon magarya. Ɗaya ya jefa cikin kwalbar magani ya rufe. Ɗayan ya tsaga cikin ɗan faranti mai ruwa, ya tura ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya murɗa, ya murɗa, sa'an nan ya matsa gefe.

"Zo. Rufe ido ɗaya in biyun sun ba ka wuya. Kada ka taɓa teburin."

Maliki ya sunkuya. Da farko haske kawai ya gani. Can sai wani abu ya bayyana, fari-fari, yana lilo a ruwa kamar yanar da ke kwanciya a kan madara in ta huce.

"Wannan ɗin ne ka bar gari dominsa?"

Nu'uman ya yi dariya. "Shi ne. Raina shi ka ga. Mutane na ɗauka ido wani abu ne da aka liƙa a fuska. A'a. Ƙwaƙwalwa ce da kanta take miƙo wani sashe nata waje, tun ciki yana ƙarami, don ta leƙa duniya. Wannan yanar da kake gani ƙwaƙwalwa ce."

"Ikon Allah."

"Abin da ya hana ni barci shekara da shekaru shi ne wannan. A cikin uwa duhu ne, babu abin gani. Amma ƙwayoyin tantanin nan ba sa zama jiran haihuwa. Suna ta aika wa juna saƙo, suna gwaji, suna jera kansu, suna shirya wa hasken da ba su taɓa gani ba. Shi raƙumi har wani layi yake da shi a tsakiya, daidai inda sama ke haɗuwa da ƙasa in ya tsaya a sahara. Ina so in san yaushe ake ja wannan layin. Ina zaton a watan nan ne."

Maliki bai ɗago daga madubin ba.

"To shi wannan, me ya gani?"

"Ba komai. Bai kai ga gani ba. Yana cikin shiri ne."

Maliki ya miƙe tsaye. Ya ji shagon ya yi masa zafi, ko da yake fanka na juyawa.

Nu'uman ya jawo kujera, ya cire safar hannu. "Akwai tambayar da nake yi kowane karo, ka san ta. Kafin a yanka, an san tana da ciki?"

"Yaya, ni da ka sani."

"Na sani. Ƙa'ida ce, sai na ji daga bakinka."

"Ba a sani ba."

"Madalla."

Ƙarya ta biyu ke nan a yinin nan, kuma wannan ta fi ta farko sauƙin fita. Haka take.

Da azahar Murjanatu, matar Maliki, ta aiko da ɗanwake. Nu'uman ya ture cokali ya sa hannu, suka ci a kwano ɗaya a ƙasa. Yana ci yana magana. Ya ce ɗakin baya yana bukatar sabon rufi in har zai daɗe. Ya ce zai kawo 'ya'yansa hutu su ga inda kakansu ya yi sana'a, don ƙaramar ko gaisuwar Hausa ba ta iya ba, sai ta ce "ina kwana" da magariba. Ya tambaya ko har yanzu ana samun furar nan ta bakin tasha. Maliki yana amsawa yana kallon hannun yayansa cikin kwano. Abin da ya yi shekaru yana so ke nan, ga shi a gabansa, har da mai da yaji. Ya ce a ransa taguwa ɗaya ce, kuma dabba ce, kuma an riga an yi.

Ana kiran la'asar waya ta yi ƙara. Hafizu ne, kuma babu wasa a muryarsa.

"Baffa na nemanka a mayanka. Ya ce ku zo da Dakta."

Baffa Jibril ƙanen ubansu ne, shi ne babban mahautan wurin, shi ke raba rigima, shi ke ba sabon mahauci wuƙa. Suka same shi zaune kan turmi a inuwar dalbejiya, mahauta sun kewaye shi. An shimfiɗa fatar taguwar a ƙasa an barbaɗa mata gishiri. A gefenta wani dogon Buzu ne tsugune, rawaninsa ya rufe baki, ya ɗora tafin hannu a kan tambarin da ke wuyan fatar. Kusa da shi akwai ƙunshin kanwa a tsumma.

Maliki ya gane shi tun daga nesa. Duk da haka ya ƙarasa.

"Wannan bawan Allah sunansa Yazid," in ji Baffa Jibril. "Daga Damargu yake, can ƙetaren iyaka. Malam Yazid, maimaita abin da ka gaya mini, ga shi ga ka."

Buzun bai dubi Maliki ba. Da fatar yake magana.

"Ciyawa ta ƙare mana, shi ya sa na kawo ta. Uwarta tawa ce, kakarta ta babana ce. Mahauta sun taya, na hana, na ce ba ta wuƙa ba ce, cikinta wata biyar. Wannan ya zo. Ya ce shi ma mahauci ne, bai ɓoye ba, amma wannan ta gida ce. Ya ce tsohuwarsa ba lafiya, in taguwa ta haihu tsohuwa ta sha nono. Ya dafa ƙirji. Na ce to, wanda ya tuna uwarsa ba zai ci amana ba." Ya gyara rawani. "Yau zan ƙetare iyaka ta Kongolam. Na ce bari in kai mata kanwar da ta saba lasa, in gaya wa tsohuwa ba ta son a ɗaure mata ƙafar hagu. Na tambayi gidansa, aka nuno mini nan."

Duk wanda ke wurin ya san Iya ta shekara bakwai a ƙasa, da yawansu su suka ɗauki makararta.

"Maliki," in ji Baffa Jibril, "haka aka yi?"

"Haka aka yi, Baffa."

"Ka dafa ta?"

"Na dafa."

"Ka ji?"

"Na ji."

"To don me? Riba? Raƙumar da ba ta da naman kirki? Yayana ya yi shekara arba'in a wurin nan, ko akuya mai ciki bai taɓa kayarwa da sani ba. Kai kuma ka haɗa da sunan matarsa tana kabari. Gaya mini don me, ko na samu abin da zan faɗa wa baƙon nan."

Maliki ba ya bukatar ya faɗa. Nu'uman ya riga ya cire tabarau yana murza idanu.

Yazid ya ɗago ya dubi Nu'uman. "An ce kai ka ɗauki ɗan. Namiji ne ko mace?"

"Mace ce," in ji Nu'uman.

Buzun ya gyaɗa kai a hankali. Ya zaro 'yar wuƙa daga damtsensa, ya yanke inda tambarin yake, ya naɗe ya sa a aljihu. Baffa ya yi masa maganar diyya, ya ɗaga hannu.

"Na sayar, an biya ni. Ba wannan ya kawo ni ba."

Ya yi sallama ya kama hanyar tasha. Kanwar ya bar ta a wurin.

Nu'uman ya ja ƙanensa bayan rumfar fatu, inda ba mai jin su.

"Don ni ka yi?"

"Ka ce in an samu za ka zauna."

"Na ce. Bai kamata in faɗa a gabanka ba." Sa'an nan ya yi tambayar da Maliki bai taɓa kawo ta a ransa ba. "Na baya fa? Duk waɗanda ka ba ni tun zuwana?"

"Wallahi tsintuwa ne, Yaya. Wannan kaɗai ce. Ko Alƙur'ani ka kawo zan dafa."

"Ɗazu ma na tambaye ka."



"Ni zan iya yarda da kai, ƙanena ne kai," in ji Nu'uman. Muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. "Amma aikin nan ba a kan yardata yake tsaye ba. Kowace kwalba sai na sa hannu na ce na tabbata ba a kashe uwar don ni ba. Kusan duka daga hannunka suka fito. Yanzu wace zan ɗaga in ce na tabbata?"

"Ba wanda zai sani a can."

"Ni na sani."

"To ka zubar da ta yau, ka riƙe sauran."

"Duka zan binne, Maliki."

"Ka zauna ka sake tarawa. Ni ba zan ƙara sa hannu ba, Hafizu ya riƙa ba ka. Ɗakin baya ni zan rufa shi, ba sai ka..."

"Sai na rubuta musu abin da ya faru. Bayan haka ba na jin za su sake ba ni izini a nan kusa." Ya mayar da tabaransa. "Da ka bar ni na tafi da rabin labari, da na sami dalilin dawowa neman sauran."

Ya juya ya nufi babur. Maliki ya bi bayansa da kallo har ya fita daga mayankar. Nu'uman bai ce masa ya hau ba.

Da ya koma gindin dalbejiya, mahauta ba su watse ba. Baffa Jibril ya miƙo hannu, tafin a sama. Maliki ya kwance wuƙar daga ƙugunsa da kubenta, ya ɗora masa.

Nu'uman ya binne kwalabensa a bayan gida da yammacin nan, ya bar Daura kafin Juma'a. Maliki kuwa an hana shi yanka, an hana shi fiɗa, an hana shi kasa nama a kowace kasuwa daga Daura har Kongolam, kuma Baffa Jibril bai sa wa hanin ranar ƙarewa ba.